Masu aiki da MPI_Put da MPI_Get, ina kuka yi tuntuɓe?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da MPI, tsarin da furoses (shirye-shiryen kwamfuta masu gudana tare) ke musayar bayanai da shi. Wata biyu ke nan da na ajiye MPI_Send da MPI_Recv, na aikawa da karɓar saƙo, na koma salon da furoses ɗaya zai buɗe taga a memorinsa, sauran su zura hannu su ajiye da MPI_Put ko su ɗauka da MPI_Get ba sai ya miƙa musu ba. Na kira MPI_Put, nan take na rubuta sabbin lambobi a kan wurin da na tura, sai bayanai suka isa can a birkice. Kwana uku ina nema kafin na gane cewa dawowar Put ba ta nufin an kwashe kayan. Sai an yi fence, ko flush, ko an buɗe kulle, wato kiraye-kirayen da ke tabbatar da an kammala turawar. Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Ɗalibar lissafi: Wa alaikumus salam. Ni disp_unit, ma'aunin da ake ƙirga nisa da shi a cikin taga, shi ne ya kayar da ni. Na sa 1 lokacin buɗe taga, alhali ina ƙirga nisa da adadin lambobi masu bayit 8. Komai ya sauka a inda bai kamata ba, kuma babu gargaɗi ko ɗaya.

Tsohon hannu: Sannu ƙanwata, kowa ya bi ta nan. Nawa ya fi ciwo. Ina raba aiki da lamba guda a furoses na 0: kowa ya karanta da Get, ya ƙara ɗaya, ya mayar da Put. Da furoses huɗu lafiya lau. Da na kai 64 sai biyu su ɗauki aiki ɗaya, sakamako ya ninku, kuma ba kullum ba. Wannan "ba kullum ba" shi ya hana ni barci. Tsakanin karantawa da mayarwa akwai giɓi, wani na iya shiga. MPI_Fetch_and_op, da ya zo da MPI-3 a 2012, yana yin biyun a dunƙule. Mu da muka fara da MPI-2 na 1997 mun san darajarsa, don a lokacin Put da Get da Accumulate kawai muke da su.

Mai kula da na'urori: Malam, akwai wanda ba a cika faɗa ba. Ana cewa mai taga ba ruwansa, amma wannan sai hanyar sadarwar na da RDMA, wato damar taɓa memorin wata na'ura kai tsaye, irin InfiniBand. Na gwada a kan Ethernet na yau da kullum, Get ya tsaya cak har mai tagar ya gama lissafinsa ya shiga wani kiran MPI. Sai da na kunna zaren aiki (thread) da ke tura saƙonni a bayan fage a MPICH, ɗaya daga cikin manhajojin MPI, shi kuma ya cinye mini cibiya guda ta sarrafawa.

Mai kwaikwayon yanayi: Ni fa na koma Isend da Irecv, masu aikawa da karɓa ba tare da tsayawa jira ba, wajen musayar gefuna da maƙwabta. Fence yana tsayar da kowa, alhali maƙwabta huɗu kawai nake buƙata, kuma da na auna ban ga riba ba. Abin da na riƙe shi ne MPI_Win_allocate_shared: babban teburi guda a kowace na'ura, maimakon kowane furoses ya riƙe nasa kwafin.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Malam, da ka koma Fetch_and_op, kulle kake yi kowane zagaye, ko lock_all, mai kulle tagogin kowa a tare, sau ɗaya sannan flush?

Tsohon hannu: Lock_all sau ɗaya. Amma kada ka taɓa lambar da ta dawo kafin flush.