Neman shawara kan ciwon haƙori ga mai raunin tayirod

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon likitoci da waɗanda suka taɓa fuskantar irin wannan. Mahaifiyata, wadda muke zaune tare a Tudun Wadan Zariya, tana da raunin tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya, kuma tana shan maganin ciwon, levothyroxine, kowace safiya kafin karin kumallo.

Yanzu bakinta kullum a bushe yake, dasashinta na zubar da jini ko da asuwaki mai laushi ta yi amfani, kuma turmin haƙorinta ɗaya ya yi kogo har yana hana ta barci. Likitan haƙori ya ƙi cire shi sai gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna yadda tayirod ke aiki, ya daidaita, domin raunin tayirod da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewar rauni. Na gamsu da hujjarsa, amma ganin likitan tayirod ɗin sai nan da makonni, ita kuwa ko tuwo ba ta iya taunawa.

Me za a yi mata kafin lokacin? Sannan tana haɗa maganin ƙarin jini da levothyroxine a lokaci guda, alhali sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jinin yana rage shigar levothyroxine jiki. Shin wannan ne ya hana gwajin daidaita?