Muhawara: Marsandi 300 SL mai fuka-fuki, motar tsere ce ko sunan yayarta take ci?

Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Sadiq ya turo hoton Marsandi 300 SL ɗin nan mai ƙofofi masu ɗagawa sama kamar fuka-fukin tsuntsu, wadda Turawa ke kira Gullwing, ya rubuta a ƙasa cewa ita ce motar da ta ci tseren Le Mans, tseren awa 24 da ake yi a Faransa. Tun jiyan maganar take cina. Wannan motar ba ta taɓa cin Le Mans ba. Wadda ta ci a 1952 wata ce daban, lambarta a kamfani W194, guda goma aka ƙera domin tseren shekarar, ba a kai ta kasuwa ba. Ta hoton W198 ce, sai a Fabrairun 1954 aka fara baje ta a New York, bayan wani dillali mai suna Max Hoffman ya matsa wa kamfanin lamba a yi masa motar da attajiran Amurka za su saya. Kama da wane ba ta wane, sunan yayarta kawai take ci. Maganata ta biyu kuma, wadda na san za a taso mini a kanta: a duk jerin 300 SL, mafi kyau ita ce buɗaɗɗiyar, wato mai rufin da ake zugewa, da aka yi a 1962 zuwa 1963, ba mai fuka-fukin ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya Habibu. Amma ai suna ɗaya ne, 300 SL, ƙofa ma iri ɗaya. Kuma ba ita ce direban tseren nan na Ingila, Stirling Moss, ya tuƙa mai lamba 722 ba?

Habibu: Ka ƙara shigo da ta uku ke nan, ƙanena. Ta Moss 300 SLR ce ta 1955, silinda takwas gare ta a jere, injinta kuwa ɗan gidan motar Formula 1 ce ta kamfanin. Tamu silinda shida ce. Ban da suna kusan ba abin da ya haɗa su.

Musa Damagaram: Malam Habibu, ni ma zan ƙara maka makami kafin in juyo kanka. Cin Le Mans na 1952 ɗin ma, har yau mutanen Faransa ba sa ambatonsa sai sun kawo sunan Pierre Levegh. Mutumin nan shi kaɗai ya riƙe sitiyarin Talbot ɗinsa kusan awa 23, ya ƙi ba abokin tuƙinsa, yana gaba da tazara, saura awa guda da ɗoriya injin ya ce ga garinku. Nan ne Hermann Lang da Fritz Riess suka wuce na ɗaya, wata Marsandin ta biyo su ta biyu. Motocin Jaguar kuma, da suka ji labarin gudun Marsandi sai suka sake fasalin hancin motarsu cikin gaggawa, zafin inji ya fitar da su tun dare bai raba ba. To amma a tseren awa 24, kai wa ƙarshe shi ne gwaninta. Ba wanda zai ce Marsandi ba ta cancanta ba.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa ta kasuwar suna kawai take ci. A tseren Mille Miglia na 1955 ɗin da Moss ya ci a Italiya, wa ya zo na biyar? John Fitch ne, Ba'amurke, a cikin 300 SL mai fuka-fuki irin wadda kowa zai biya kuɗi ya ɗauka a shago. Mil dubu a kan titin gari, duwatsu da kwanoni, ya bar motocin tsere na ainihi birjik a bayansa, ya kuma ci ajinsa. Olivier Gendebien ya zo na bakwai da irinta, a shekarar kuma ya ci tseren rali na Liège–Rome–Liège da ita. Willy Mairesse ya maimaita a 1956. Werner Engel ya zama zakaran rali na Turai a 1955, Walter Schock a 1956. A Amurka Paul O'Shea ya ɗauki kambu a 1955 da 1956 duk da ita. Wannan ba gado ba ne, gumin kanta ne.

Baba Ɗanlami Bakanike: Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Habibu ɗana, a maganar farko Musa ya fi ka gaskiya. Ni abin da nake dubawa a mota ƙashinta ne, ba lambar da aka buga mata ba. Ƙashin motar 1952 siraran bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji, haka ma na ta kasuwar. Injin duka biyun daga babbar Marsandi 300 ta manyan mutane aka ɗauko, aka kwantar da shi gefe guda domin bonet ya yi ƙasa. Ta kasuwar ma ta fi ƙarfi. Ta tseren kafireto uku gare ta, doki wajen 175. Ta kasuwar aka sa mata famfon Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ta ba da doki 215. Ƙanwa ta fi yaya ƙarfi, sannan ka ce ba jininsu ɗaya ba?

Amma a magana ta biyu ina bayanka, kuma dalilina na gareji ne. Famfon nan da ake yabo, idan ka kashe mota ba ya tsayawa nan take, sai ya ci gaba da fesawa har injin ya gama juyawa. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Duk bakaniken da ya daɗe a kan Marsandi ya san alamar: ka zaro sandar awon mai, ka murza tsakanin yatsu biyu, ka ji ya tsinke kamar ruwa, ka kai hanci ka ji warin fetur. Injin da ke haka yana cin kansa ne a hankali. Ga shi tana shan baƙin mai lita goma, da babbar na'urar sanyaya shi irin ta tsere, don haka a tuƙin cikin gari man ba ya yin zafin da fetur ɗin zai tashi. Shi ya sa aka ce a riƙa juye mai duk kilomita 1,600. Kano zuwa Legas da kusan rabin hanyar dawowa, ka koma wurin bakanike.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar gyara. Buɗaɗɗiyar ma da famfon nan ta zo har ƙarshe, ba ta tsira daga wannan ciwon ba. Don haka hujjar ta hau kansu duka biyu.

Baba Ɗanlami Bakanike: Haka ne 'yata, na karɓa. To a ajiye famfo, a ɗauko birki da tayoyin baya.

Habibu: Yawwa Baba, nan nake son a zo. Ku bi sauye-sauyen shekara-shekara ku gani, kowanne gyaran wani laifi ne na mai fuka-fukin. Daga 1954 zuwa 1957 an yi guda 1,400, mafi yawansu Amurka suka tafi, kuma ba wani babban sauyi da aka yi mata a tsawon lokacin, sai ƙananan abubuwa irin doguwar sandar giya mai lanƙwasa ta motocin farko da aka mayar gajera. Babban laifinta yana baya. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya yana lilo ne daga tsakiya, daga sama. Ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka ka ɗaga ƙafa daga totur, sai tayar baya ta lanƙwashe ciki, gindin motar ya wulwulo ya wuce kai. Irin su Fitch sun san maganinta. Attajirin da ya saya don zuwa shan iska bai sani ba.

A Maris ɗin 1957 aka nuna buɗaɗɗiyar a Geneva. An sauke mahaɗar ƙarfen bayan ƙasa, aka ƙara mata wani sifirin a kwance, motar ta natsu a kwana. An sake tsara ƙashin gefe, ƙofa ta koma irin ta kowa, gilashi na sauka da hawa. Fitilun gaba suka koma a tsaye. A 1958 aka kawo rufin ƙarfe mai cirewa. A 1961 aka jefar da birkin dorom aka sa na faifai a tayoyi huɗu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga motar da ke haura kilomita 200 a awa. A 1962 aka mayar da gangar injin ta alminiyom, gaban motar ya rage nauyi. Fabrairun 1963 aka rufe, guda 1,858 aka yi. Ta ƙarshen nan ita ce motar da aka gama koyon ƙera ta.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka tsallake ma'auni. Buɗaɗɗiyar ta fi mai fuka-fukin nauyi da sama da kilo 100. Tankinta ma an rage shi daga lita 130 zuwa 100 don a sami wurin kaya. Harafin L ɗin da ke cikin SL, a Jamusanci rashin nauyi yake nufi. Wato duk shekara motar na ƙara daɗin zama tana ƙara nisa da sunanta. Kuma ina kofunan buɗaɗɗiyar? Abin da za ka nuna shi ne kambun O'Shea na 1957, shi ma sai da aka tuɓe motar, aka cire gilashin gaba da bamba da duk wani kayan daɗi, aka sa mata suna 300 SLS. Ta 1962 ɗin da kake so ba ta da wani tarihi a fagen tsere. Kai da ka fara da zargin wata da cin sunan yayarta, ka ƙare kana zaɓar wadda ta fi kowa ci.

Na taɓa tsayawa kusa da mai fuka-fukin a wani taron tsofaffin motoci a Jamus, na ga mai ita, wani dattijo, yana shiga. Dokin ƙofar yana da tsawo da faɗi, an lulluɓe shi da fata. Sai da ya zauna a kansa, ya danna wani maɓalli a ƙasan sitiyari, sitiyarin ya karyo ƙasa, ya zura ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya zame cikin kujera, sannan ya miƙa hannu sama ya janyo ƙofar. Gilashin gefe ba ya sauka, cire shi ake yi gaba ɗaya a ajiye a baya. Ranar ana rana, kafin ya bar filin goshinsa ya jiƙe. Duk wannan wahalar ba ado ba ne. Bututun ƙashin motar ne suka bi ta gefe suka tare wurin ƙofa, dole aka buɗe ta sama. Ni wannan ne ya sa nake ganin girmanta, ba a ɓoye komai don a faranta wa mai saye ba.

Baba Ɗanlami Bakanike: A zafin Sakkwato na watan Afrilu kuwa, mai wannan motar sai ya dahu kafin ya kai Gusau.

Sadiq: Don Allah Malam Musa, labarin ungulun nan fa? A wace ce ya faru?

Musa Damagaram: A ta tseren ce, Nuwamban 1952, Carrera Panamericana a ƙasar Meziko, sama da kilomita 3,000. Karl Kling na tuƙi, Hans Klenk na karanta masa hanya. Suna cikin gudu ungulu ta tashi daga bakin titi ta fasa gilashin gaba ta bugi Klenk a fuska har ya suma. Da ya farfaɗo, jini na zuba, ya ce a ci gaba. Daga baya suka ɗaura sandunan ƙarfe takwas a tsaye a gaban sabon gilashin, suka ci tseren, Lang ya zo na biyu.

Akwai kuma abin da ya kamata a saka a ma'auni kafin a zargi buɗaɗɗiyar da rashin kofi. Ranar 11 ga Yunin 1955 a Le Mans, Levegh ɗin nan da na ambata, a lokacin Marsandi yake tuƙa wa, 300 SLR ɗinsa ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Shi da mutum sama da 80 suka rasu. Abokin tuƙinsa a ranar Fitch ne. Cikin dare kamfanin ya janye sauran motocinsa alhali direbobinsa Fangio da Moss na kan gaba, a ƙarshen shekarar kuma ya fita daga manyan tsere, bai dawo ba sai bayan shekaru fiye da talatin. Buɗaɗɗiyar a gidan da aka rufe ƙofar tsere aka haife ta. Ba a ba ta fage ba balle a ce ta kasa.

Habibu: Wannan hujjar tawa ce ma, Malam Musa, na gode. Maganar Fitch da Gendebien kuwa na sallama, na yi kuskure da na ce suna kawai take ci. Amma Le Mans ban janye ba. Motar da ke hoton Sadiq ba ta ci ba, kuma 'yan kasuwar tsofaffin motoci suna jin daɗin ruɗanin nan don yana ɗaga farashi. Hajiya, idan rashin nauyi ne ma'auninki, to ba mai fuka-fukin gama-gari za ki zaɓa ba, sai guda 29 ɗin nan da aka yi wa bodin alminiyom gaba ɗaya. Sauran 1,371 bodinsu ƙarfe ne, sai bonet da ƙofofi da murfin but.

Hajiya Rabi: Su ɗin nake so, ban musa ba. Amma kafin ka raba ta da Le Mans kwata-kwata, duba ƙofar da ke hoton da kyau. W194 ta farko, wadda Kling ya zo na biyu da ita a Mille Miglia ta 1952 a bayan Ferrari ɗin Giovanni Bracco, ƙofarta iyakacinta ƙasan gilashi ne, ta sama ake dirowa ciki kamar mai shiga rijiya. Don zuwa Le Mans ne injiniyan kamfanin, Rudolf Uhlenhaut, da mutanensa suka zurfafa ta zuwa cikin gefen motar. Wannan zurfaffiyar ƙofar ce aka ɗauko aka sa wa ta kasuwa a 1954.

Sadiq: To Yaya Habibu, zan gyara rubutun hoton in sa: ƙanwar motar da ta ci Le Mans a 1952, ta biyar a Mille Miglia ta 1955. Ya yi?

Habibu: Ya yi. Ka ƙara da sunan Fitch, lambar motarsa 417, don ƙarfe 4:17 na asuba aka sallame shi daga Brescia.