Sakatar ƙofar tanderun burodi tana cijewa idan wuta ta kama

Assalamu alaikum. Masu walda da masu gidajen burodi, don Allah ku taimaka mini da shawara.

Tanderuna na bulo ne mai cin itace, a Ƙaura Namoda. Ƙofar farantin ƙarfe ce mai kaurin milimita 3, da sakata irin ta shago. Da sanyi lafiya lau take shiga. Da zarar wuta ta kankama sai ƙofar ta karkace, sakatar ta cije, sai yara sun sa guduma. Tunda ƙarfe yana ƙara girma in ya ji zafi, mai walda ya faɗaɗa ramin sakatar. To yanzu ƙofar ba ta mannewa, zafi na zurarewa ta gefe, burodin bakin ƙofa ba ya gasuwa daidai, ga tsadar itace. Giris kuwa, in an shafa wa sakatar, ƙonewa yake yi.

An ce in sa mariƙi mai faɗawa cikin ƙugiya mai gangare, wanda ke ƙara matse ƙofa in an danna shi. Wannan kaɗai zai isa, ko sai an ɗaure bayan farantin da ƙarfe mai kusurwa tukuna? Igiyar toshe gefe kuma, ba na son ta asbestos (abin nan mai jure wuta amma ƙurarsa na da illa) saboda huhun yaran. Wacce kuke sawa, kuma ana samunta a Gusau?