Allon sola, ba faifai ko faranti ba

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Tambayar da aka kawo ita ce yadda za a faɗi da Hausa cewa masu jiragen ruwa da iska ke turawa suna ɗora fanel mai samar da wuta daga hasken rana a kan jirgi domin su samu wuta idan sun tsaya a teku. Sunaye uku aka ba fanel ɗin a amsoshin da suka gabata, wato faifan sola, farantin sola da allon sola, kuma dukkansu muna jin su a rediyo, muna ganin su a rubuce. Ni dai ina bayan allo, kuma batun jirgin ne ya ƙara mini hujja.

Sai mun san aikin kafin mu raɗa masa suna. Mu ɗauki irin jiragen da ke taruwa a Las Palmas ta Tsibiran Kanari kowane Nuwamba, su ratsa Tekun Atlantika zuwa Karebiyan, ayarin da aka fara tun 1986. Iska ce ke tafiyar da su, saboda haka injin a kashe yake yawancin lokaci. Idan sun isa, da yawa ba sa shiga tashar da ake jona wuta daga tudu, sai su jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri guda, a wani lungun teku su yi kwanaki ko makonni. A nan ma firji na cin wuta, famfon ruwa na ci, rediyon sadarwa na ci, ga kuma farar fitilar da doka ta 30 ta dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta wajabta wa jirgin da ke tsaye ya kunna da dare, yadda za a hango ta daga kowace kusurwa. Wanda ba shi da sola sai ya riƙa tayar da injin dizal kullum don cajin batir kawai, ya ƙona mai, ya cika wa maƙwabta kunne, injin kuma ya gaji a banza.

Faifai zagayayye ne, saƙaƙƙe, kuma mun riga mun ba da aronsa ga garmaho da bidiyo, har ta kai idan an ce faifai a yau hankalin matashi kan abin kallo yake tafiya. Faranti shi ma zagayayye ne, ga shi da ɗan zurfi, kuma wannan zurfin yana iya sa mai karatu ya zaci abin yana tattara haske zuwa tsakiya ne kamar yadda kwanon tauraron ɗan'adam yake tattara sigina, alhali ba haka yake aiki ba. Allo kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa huɗu, ana jingine shi, ana rataye shi, ana kafa shi, kuma Hausa ta daɗe da faɗaɗa shi zuwa allon aji da allon talla da allon waya. Jam'insa ma ba ya wahalar da harshe: alluna biyu, alluna huɗu.

Babbar hujjata tana kan fuskar abin. Duk wanda ya duba shi da kyau zai ga ba falle ɗaya ba ne: ƙananan murabba'ai ne baƙaƙe ko shuɗaye, an ja musu siraran layuka masu launin azurfa. Ina ba da shawarar a kira kowane murabba'i gida, kamar yadda muke cewa gidan dara ko gidan hatimi. Allon da aka saba yi don batir mai bolt 12 yana da gidaje 36, kowanne yana ba da kusan rabin bolt, an jona su a jere har suka tashi kimanin bolt 18. Da yake a jere suke, wuta sai ta bi ta kowane gida, don haka idan inuwa ta rufe gida guda ta shaƙe duk layin da yake ciki. Masu ƙera shi suna sa 'yan na'urori biyu ko uku da ke ba wuta hanyar kewaye sashen da ya shiga inuwa, amma duk da haka inuwar da ba ta wuce tafin hannu ba tana iya cinye sulusin ƙarfin allon ko rabinsa. Jirgin ruwa mai ƙyallen kama iska kuwa cike yake da abubuwan da ke jefa inuwa: doguwar sandar tsakiya, sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen, da wayoyin ƙarfe da igiyoyin da ke riƙe da su. Mai fassara zai iya cewa inuwar sanda ta faɗa kan gidaje biyu na allon, kowa ya gane. A gwada faɗin haka da faifai ko faranti a ji yadda maganar za ta yi tuntuɓe.

Game da tsayuwar jirgi, anka ta zauna a matsayin sunan ƙarfen da ake jefawa, ko da yake a rubuce tana kama da "anka" ta Sakkwatawa da kuma garin Anka na Zamfara, abin da mahallin magana ke warwarewa. Halin da jirgin ke ciki ne nake so mu kira "a turke". Jirgin da ya jefa anka ba a kafe yake ba, yana kewaya sarƙarsa ne kamar dabbar da aka ɗaure a turke, ya juya duk inda iska da igiyar ruwa suka juya shi. Wannan kewayawar ce ta hana a karkata allon ya fuskanci rana kamar yadda ake yi a rufin gida. Yawanci kwantar da shi ake yi, inuwa kuma ta yi ta yawo a kansa daga safe zuwa yamma. Shi ya sa allo mai wat 100 a kan jirgi yakan ba da abin da bai wuce wat-awa 300 zuwa 400 ba a yini mai rana, adadin da firji kaɗai kan iya lashewa, kuma shi ya sa masu jirgi da yawa ke ba kowane allo kwantirolarsa, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, don kada wanda ya shiga inuwa ya ja sauran ƙasa.

Wani malami ya ce akwai irin da ke lanƙwasuwa, wanda ake mannawa a daɓen saman jirgi ko a ɗinke a kan tantin inuwa, kuma allo ba ya lanƙwasuwa. Gaskiya ne, Malam, amma siffa ta isa ta raba su: allon sola mai lanƙwasuwa da allon sola mai gilashi. Bambancin ma yana da amfani ga mai saye, domin a zafin digiri 25 ake auna ƙarfin allo, kuma yana raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru. Wanda aka manna ba ya samun iska ta ƙasa, yana ɗaukar zafi, kuma ba ya kai mai gilashi daɗewa. Masu cewa a bar fanel tunda ita ce a bakin 'yan kasuwa su ma suna da hujja, ba kuma za a hana kowa faɗinta ba, sai dai har yanzu rubutunta bai zauna ba, wani ya sa fanel, wani panel, wani fanal.

Saura ƙarfen da ake kafawa a bayan jirgi a ɗora allunan a kansa, sama da kan matuƙi, nesa da inuwar sanda. Da bututun ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin sa, mai lamba 316, saboda gishirin teku, wayoyin ma na tagulla ne da aka shafe da kuza. An kawo shawarar a kira shi baka, daga bakan gizo na magina, amma samansa a shimfiɗe yake, kuma mutum na iya fakewa a ƙarƙashinsa, don haka rumfar sola ta fi dacewa. Jimlar da aka nema sai ta zama haka: sun ɗora allunan sola a kan rumfar bayan jirgi domin su samu wuta idan jirgin yana a turke.