Abin da masu kiwon tumaki suka fi jaddadawa

Da aka zauna kan kiwon tumaki, maganar rago ta fi ɗaukar lokaci. Dattawa suka ce kada rago ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa, domin zuri'ar kan tsumbure. A musanya shi da na wani gari. Mai son girman jiki ya nemi Balami ko Uda, amma 'Yankasa sun fi jure wahala, kuma ni ma nan na karkata.

Tunkiya kan yi kusan wata 5 da ciki. A makonnin ƙarshe a ƙara mata harawa da dusa, ɗan kuwa ya sha dakashi da zarar ya faɗo.

Sauran a taƙaice: rigakafin PPR (wata cuta mai yaɗuwa tsakanin tumaki da awaki), maganin tsutsar ciki da damina, kanwa, da turke busasshe. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta tukuna.