Neman shawara: kwana a ƙaramin otal a Ɗa'ifa tare da mahaifiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda, a watan Janairu ni da iyalina za mu raka mahaifiyata Umra. Hajiya ta daɗe tana burin ganin Ɗa'ifa, garin da aka jefi Manzon Allah (SAW) da duwatsu, amma ba ta son irin ziyarar nan da ake kwasar mutane da safe a dawo da su kafin La'asar. So take a kwana. Guzurinmu kuwa ba yawa, kuɗin jirgi da masaukin Makka sun cinye mafi yawansa. Na ga ƙananan otal masu sauƙin kuɗi a waya, wasu a cikin gari, wasu a Shafa da Hada. Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Ina ya fi dacewa, kuma me zan duba kafin in biya?

Wani mazaunin Jidda:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa ka rabu da ita lafiya. Ka cire Shafa da Hada daga lissafi. Wuraren shan iska ne na masu motar kansu. Abinci, magani, har zuwa cikin gari, duk sai da tasi, abin da ka rage a kuɗin ɗaki ya tafi a kuɗin mota. Ka nemi masauki kusa da Masallacin Abdullahi ɗan Abbas, tsohuwar kasuwa ma tana nan gefe.

Tunda ku uku ne, kada ka kama ɗaki biyu. Ka tambayi abin da suke kira shuƙaƙ mafrusha, wato ɗakuna da falo da ɗan wurin girki. Yawanci ya fi sauƙi, kuma maiɗakinka za ta iya dama wa Hajiya kunu ta yi mata girki marar gishiri. Ku guji daren Juma'a da na Asabar. Hutunsu Juma'a da Asabar ne, mutanen Makka da Jidda sukan hauro, kuɗi ya tashi. Ka kuma tabbatar harajin kashi 15 yana cikin farashin da ka gani. Fasfo ɗinku su kasance a hannu, za a nema.

Wata Hajiya daga Zariya:
Ɗana, sanyin nake ji maka. Garin yana kan dutse, tsayin ya kusa mita 1,900. Kada zafin Makka ya ruɗe ku ku tafi da kaya marasa nauyi. Mun kwana a wani ƙaramin otal can a lokacin sanyi, ɗakin tsaf, amma na'urar sanyaya ɗaki ce kawai, bargon kuma siriri. Da asuba ruwan zafi bai zo ba, haka na yi alwala ina rawar ɗari, gwiwata ta kwana biyu tana gaya mini.

Saboda haka kada ka biya sai ka shiga ɗakin da ƙafarka. Ka kunna famfon ruwan zafi ka tsaya har ya zo. Ka nemi ƙarin bargo tun da rana. Ka duba lif yana aiki, in babu ka dage a ba ku ƙasa. Banɗakin ma ka leƙa, in na tsuguno ne ku canza ɗaki. A sa mata safa da rigar sanyi a jaka.

Wani daga Maraɗi:
Ni a ganina wahala za ku ɗora wa tsohuwa. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba daga Makka. Ku je ku dawo, kuɗin ya yi muku wani amfanin, ga ladan sallah a Harami.

Hajiyar Zariya:
Malam, hawa da saukar dutsen nan a yini ɗaya shi ne wahalar. Kuma uwa ce ta roƙa. A yi mata.

Wani ɗalibi a Makka:
Hanya biyu ce. Ta Hada ta fi kusa, amma lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, mai jiri yana shan wuya, kuma akan rufe ta idan ruwa ko hazo ya yi yawa. Ta Sail ta fi tsawo amma shimfiɗaɗɗiya ce, ita zan zaɓa wa Hajiya. Ku yi ciniki da direba a kan hanyar da za a bi tun kafin ku shiga.

Sai batun dawowa. Miƙatin Ƙarnul Manazil, wanda yanzu ake kira Sailul Kabir, yana kan hanyar nan. In kuna da niyyar wata Umra, a nan za ku ɗaura harami, don haka kada ku bar shi a Makka. Shiga Makka ba tare da harami ba, da maimaita Umra a shekara ɗaya, duk akwai saɓanin malamai a kai, musamman a mazhabar Malikiyya. Ka tambayi malaminku tun a gida.

Mazaunin Jidda:
In kun leƙa Hada da rana, ku rufe gilashi, biran bakin hanya suna wawurar leda. Furen wardi kuwa sai wajen Maris da Afrilu, a Janairu turarensa da zuma kawai za ku samu a kasuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya, ta ce a gai da ta Zariya. Za mu tafi ranar Litinin ta hanyar Sail, mu sauka kusa da masallacin. Kwana ɗaya zan fara biya, in ɗakin ya yi mata sai mu ƙara.