Na zare tsohon faifai, Windows da Ubuntu duka sun ƙi tashi

Ɗan_Koyo

Assalamu alaikum. Masana, ina neman taimako. Kwamfutar tebur ce mai faifai uku: NVMe mai 500GB da Windows 11 a kai, SSD mai 256GB da Ubuntu 22.04, sai tsohon faifai mai juyi na 1TB da ake ajiye fayiloli. Tsohon ya fara ƙara ƙas-ƙas, sai na kwashe kayana na zare shi. Da na kunna, ko GRUB, jerin da ake zaɓar Ubuntu ko Windows a ciki, bai fito ba, baƙin allo kawai da rubutun "No bootable device". Ina mayar da shi komai ya tashi, illa dai Windows ba ya fitowa a jerin GRUB, sai na bi ta maɓallin zaɓen faifai lokacin kunnawa. Abin da ya ɗaure min kai, Windows 10 da ke kan tsohon faifan na goge shi tun tuni. To me ya haɗa shi da tashin kwamfuta?

Mai_Linux

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa tsohon faifan nan tukuna, domin da alama mabuɗin gidan gaba ɗaya yana jikinsa.

A kwamfutar da ke tashi da UEFI, wato sabon salon da ya maye gurbin BIOS, manhajar tayarwa ba ta zama tare da tsarin aikin. Tana zama a wani ɗan ƙaramin ɓangare mai FAT32 da ake kira ESP. Na Windows yana `\EFI\Microsoft\Boot\bootmgfw.efi`, na Ubuntu kuma yana cikin `\EFI\ubuntu`. Idan ka girka Windows a sabon faifai alhali akwai ESP a wani faifan da ke jone, sau da yawa ba ya ƙirƙirar sabo, sai ya zuba fayilolinsa a wanda ya tarar. Mai girka Ubuntu 22.04 ma haka halinsa yake: ESP na farko da ya gani shi yake kamawa, ko da ka nuna masa wani. Kai ka goge babban ɓangaren Windows 10, ƙaramin kuwa ya rage, kuma su biyun suka tare a cikinsa.

Shiga Ubuntu ka turo mana sakamakon waɗannan:

```
ls /sys/firmware/efi
lsblk -o NAME,SIZE,FSTYPE,MOUNTPOINT
sudo efibootmgr -v
```

Idan na farkon ya ce babu wannan wuri, to Ubuntu ɗinka da tsohon salon BIOS ya tashi, maganin kuma daban ne.

Ɗan_Koyo

Malam, ka gano shi. Wurin yana nan, ga kuma na biyun:

```
sda1       100M  vfat  /boot/efi
sda2       931G  ntfs
sdb1       238G  ext4  /
nvme0n1p1   16M
nvme0n1p2  465G  ntfs
```

Shi ma efibootmgr ya nuna ubuntu da Windows Boot Manager duk suna kallon ɓangare ɗaya.

Mai_Linux

Madalla. sda1 ne kaɗai ESP a kwamfutar. Mai 16M ɗin nan na NVMe ɓangaren ajiya ne na Microsoft, ba ya tayar da komai, amma samuwarsa na nuna faifan GPT ne, wato salon rarraba faifai da ke tafiya da UEFI, abin da muke so ke nan. Shawarata kowane faifai ya samu ESP nasa. Za a iya haɗa su a guda, sai dai ranar da wannan faifan ya mutu ka koma gidan jiya.

Ga na Ubuntu. Ba a rage ext4 yana kan aiki, don haka ka tashi daga filashin Ubuntu, ka buɗe GParted, manhajar gyara ɓangarorin faifai, ka rage sdb1 da 512MB daga ƙarshensa, wato gefen dama. Kada ka ja daga hagu, yin haka zai sa a kwashe duk bayanan a matsar da su, ya ɗauki lokaci kuma da haɗari idan wuta ta ɗauke. A filin da ya samu ka yi ɓangare mai FAT32, ka sa masa alamar `esp` da `boot`. Kafin duk wannan ka adana muhimman fayilolinka a wani wuri.

Sai ka tashi Ubuntu yadda ka saba, tsohon faifan yana jone. Duba lambar UUID ta sabon ɓangaren da `sudo blkid`, za ka ga gajeruwa ce, haruffa huɗu, karan ɗori, haruffa huɗu. Buɗe `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke gaya wa Ubuntu ɓangarorin da zai haɗa lokacin tashi, a layin `/boot/efi` ka cire tsohuwar lambar ka sa sabuwa. Daga nan:

```
sudo umount /boot/efi
sudo mount /boot/efi
sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --bootloader-id=ubuntu
sudo update-grub
```

Kafin grub-install ka sake duba lsblk, ka tabbata `/boot/efi` ya koma kan SSD. Kuma kada ka rubuta sdb2 a cikin fstab. Sunayen nan ba su da tabbas: da zarar ka zare tsohon faifan, SSD ɗin zai zama sda. UUID kuwa ba ta canzawa.

Injiniya_UEFI

Bayanin Malam ya yi daidai. Ga na Windows, amma abu ɗaya kafin komai: duba ko BitLocker, kariyar Windows mai kulle bayanan faifai, a kunne yake. Idan haka ne, ka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ka rubuta a takarda, ka kuma dakatar da kariyar. Taɓa fayilolin tayarwa kan sa ya nemi mabuɗin, kuma wanda ba shi da shi ya rasa hanyar shiga bayanansa.

Cikin Windows ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa:

```
diskpart
list disk
select volume C
shrink desired=300
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
exit
bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI
```

Bayan `shrink` ka buga `list disk`, tauraro zai nuna faifan da aka zaɓa. Ka gane shi da girmansa, domin lambobin diskpart ba sa bin tsarin sunayen Linux. Umarnin `format` ba ya tambaya sau biyu.

Windows na iya hawa saman jerin tayarwa, saboda haka kada ka firgita idan GRUB ya ɓace bayan wannan. Yana nan. Shiga Ubuntu ta maɓallin zaɓen faifai, ka duba lambobin da `efibootmgr` ya nuna, ka jera su da `sudo efibootmgr -o`, lambar ubuntu a gaba. Wasu kwamfutocin ba sa riƙe wannan, sai an gyara a saitin UEFI kai tsaye.

Rashin Windows a jerin GRUB kuma wata matsala ce daban. Tun daga GRUB 2.06, os-prober, wanda ke laluben sauran tsarin aiki, a kashe yake zuwa sai an kunna. Ƙara layin `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false` a `/etc/default/grub`, ka sake `sudo update-grub`. Ka bar wannan matakin sai bayan ka zare tsohon faifan, in ba haka ba zai iya ɗauko Windows Boot Manager na sda1, ka zaɓe shi daga baya ya ce bai ga na'urar ba.

Mai_Linux

Sauran abu ɗaya kafin ka zare shi. Idan sda2 yana cikin fstab, goge layin ko ka ƙara masa `nofail`. Idan ka bar shi, Ubuntu zai tsaya jiran faifan daƙiƙa 90 sannan ya faɗa yanayin gaggawa, ka zaci GRUB ne ya sake lalacewa. Bayan komai ya tashi ba tare da shi ba, tsofaffin shigarwar da ke kallon sda1 ka share su da `sudo efibootmgr -b` da lambar, sannan `-B`. Ka karanta sakamakon `-v` da kyau tukuna, domin suna iri ɗaya ne da sababbin, lambar ɓangaren ce kawai ta bambanta su.